Taransifa Zuwa Alaska: Jirgin Ruwa, Titin Kanada, Ko Jirgin Sama?

Alaska jiha ce ta Amurka, amma a lissafin rundunar sojin ƙasar, wanda aka yi wa taransifa zuwa can ana ɗaukarsa kusan kamar wanda aka tura ƙetare. Dalili a bayyane yake ga duk wanda ya buɗe taswira: Kanada ce ta yi kane-kane tsakaninta da sauran jihohin. Kayan gida ba su ne matsalar ba, don kamfanin kwasar kaya da gwamnati ta ɗauka zai zo ya ɗaure su ya tafi da su. Abin da ke hana maigida da uwargida barci shi ne yadda su kansu za su isa, su da yara da mota, wani lokacin har da kare ko kyanwa. Hanyoyi uku ne a gabansu: su hau jirgin ruwa daga Bellingham a jihar Washington, su tuƙa mota ta cikin Kanada tun daga farko har ƙarshe, ko su bi jirgin sama a aiko musu da motar daga baya.

Kafin a kwatanta komai, a fara duba sunan barikin da ke kan oda, wato takardar taransifar. Mafi yawan sojojin ƙasa da na sama ana tura su ne ɗaya daga wurare uku: barikin haɗin gwiwa na Elmendorf da Richardson a Anchorage, wanda aka haɗe a 2010, ko Fort Wainwright a Fairbanks, ko sansanin sojin sama na Eielson da ke kudu maso gabashin Fairbanks. Duk ukun suna kan titi. Dakarun tsaron gaɓar teku kuwa sukan faɗa Juneau, Ketchikan, Sitka ko Kodiak, kuma babu ko ɗaya daga cikin garuruwan nan da titi ya haɗa da sauran duniya. Juneau ita ce hedikwatar jihar, amma ba a shigarta da mota sai a bayan jirgi. Wanda aka tura Ketchikan ko Juneau, maganarsa ta kusa ƙarewa tun nan: jirgin ruwan zai sauke shi da motarsa a garin da zai zauna, ba tare da ya taka ƙasar Kanada ba. Muhawarar gaske ta masu zuwa Anchorage da Fairbanks ce.

Jirgin da ake magana a kai ba na yawon shaƙatawa ba ne. Na gwamnatin jihar Alaska ne, ƙarƙashin tsarin da ake kira Alaska Marine Highway, wanda ya fara aiki a 1963 don haɗa garuruwan gaɓa da ba su da titi. Tasharsa ta kudu tana Bellingham a jihar Washington, dab da iyakar Kanada. Daga nan zuwa Ketchikan, tashar farko a Alaska, kimanin awa 38 ne ba tsayawa. Sai Wrangell, Petersburg, Juneau, sannan Haines da Skagway a can ƙuryar arewa. Daga Bellingham zuwa Haines a ƙiyasta kwana uku.

To ga abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai sun riga sun ƙwallafa rai: jirgin ba ya kai mutum Anchorage. Idan an sauka a Haines, saura kimanin kilomita 1,200 a tuƙa kafin a ga Anchorage, wato fiye da nisan Kano zuwa Legas, kuma zuwa Fairbanks ma ya ɗan haura kilomita 1,000. Hanyar kuma ta cikin Kanada ta bi. Kilomita sittin da 'yan kai daga Haines sai ga shingen iyaka, a haura tsaunin Chilkat, a gangara Haines Junction a yankin Yukon, a hau babban titin Alaska zuwa Beaver Creek, a sake shiga Amurka, a isa Tok. A Tok ne hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Fairbanks, ɗaya ta yi Anchorage. Iyali mai yara su sa kwana biyu a ransu. Saboda haka jirgin ruwan bai raba mutum da tuƙi ba, bai kuma raba shi da jami'an iyakar Kanada ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke kimanin kashi biyu cikin uku na tafiyar.

Akwai layin da ke tsallaka Tekun Alaska ya sauke mutum a Whittier, inda ake ratsa ramin dutse mai tsawon kilomita huɗu da mota da jirgin ƙasa ke karɓa-karɓa a cikinsa, a fito a yi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Anchorage. Wannan shi ne layin da iyalan soja suka fi ƙauna, don shi kaɗai ne ke kai mutum tare da motarsa tsakiyar Alaska ba tare da fasfo ba. Jirgin Kennicott ne ya saba yinsa. Sai dai a 'yan shekarun nan an sha cire shi daga jadawali saboda ƙarancin ma'aikata. Duk wanda wani tsohon soja ya ba shi labarin yadda suka sauka Whittier cikin kwanciyar hankali, ya fara duba jadawalin bana kafin ya gina shirinsa a kai.

Zaman cikin jirgin shi ne babban abin da ke jan mutane, kuma ba ƙarya ba ne. Tun da yamma za ku jera a layi a Bellingham, ma'aikaci sanye da riga mai ƙyalli ya yi ta nuna muku da hannu har sai motarku ta kusa shafar ta gaba, ku ja birki, ku kwashi abin da za ku buƙata ku hau sama. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Da zarar jirgi ya tashi ana rufe benen motoci, ba mai sauka sai an tsaya a tasha ko an yi sanarwar buɗewa ta ɗan lokaci. Maganin yaro, madarar jariri, caja, rigar sanyi, duk wanda aka bari a but ya zauna ke nan. A haɗa jakar jirgi daban tun daga gida.

Tikitin fasinja daban, kuɗin mota daban, kuɗin ɗaki daban. Mota da tsawonta ake lissafawa, don haka wanda ya ɗauro tirela a baya zai ji a aljihunsa. Ɗakunan ƙanana ne, gadaje hawa-hawa, masu ɗaukar mutum biyu ko huɗu, wasu da banɗaki a ciki, wasu da taga, wasu babu. Wanda bai samu ɗaki ba yana iya kwana a kujerun falo, ko ya haye saman jirgi inda aka yi rumfar gilashi mai fitilun ɗumama jiki a rufi, mutane na shimfiɗe a dogayen kujeru cikin jakar barci. A bayan rumfar, a fili, za ka ga matasa sun kafa tanti, sun liƙe ƙafafunsa a daɓen ƙarfe da salatif mai kauri don kada iska ta yi gaba da shi. Ga saurayi ɗan shekara ashirin wannan abin ba da labari ne. Ga mace mai goyo da yara biyu, kwana uku a haka azaba ce. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: iyali in ba su samu ɗaki ba, su nemi wata ranar ko su canza hanya.

Ɗakunan kuwa su ne ke fara ƙarewa, sai gurbin mota. Lokacin da soja suka fi yin ƙaura, daga tsakiyar Mayu zuwa Agusta, shi ne kuma lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa da manyan motocinsu na kwana. Jirgin babban layi kuma galibi sau ɗaya yake tashi a mako daga Bellingham. Ranar da oda ta fito, ranar ya kamata a fara neman gurbi.

Mafi yawan hanyar tana bi ne ta tsakanin tsibirai, ruwa a kwance, dazuzzuka da duwatsu dama da hagu. Akwai mashigar Wrangell, mai tsawon kimanin kilomita 35, wadda tsananin ƙuncinta ya sa sai an jira cikar ruwa kafin babban jirgi ya ratsa, kuma mutum na tsaye a bene yana ganin tagogin gidajen bakin ruwa. Wurare biyu ne dai jirgi ke fita fili ya haɗu da igiyar teku sosai, Queen Charlotte Sound da Dixon Entrance, kowanne na 'yan awanni. Mai saurin jin jiri ya sha magani kafin a kai nan, ba bayan ciki ya fara juyawa ba. Akwai kantin abinci, akwai wurin wanka, akwai ruwan zafi da na'urar ɗumama abinci, kuma ba a hana mutum shigowa da kularsa. Wanda ke kiyaye halal zai samu kifi, amma kwana uku na soyayyen kifi da dankali sai ya gundure shi, gara uwargida ta yo miya ta daskarar. Wani abu da ke ba baƙi mamaki a ƙasar da ake ba da tukuici a kan komai: ma'aikatan jirgin na gwamnati ne, ba sa karɓa. Sabis na waya kuwa sai an kusanci gari yake dawowa, don haka a sauke wa yara abin kallo tun kafin a hau.

Yaro yana iya gudu, ya ci abinci a zaune, ya yi barci a gado, uba kuma ba ya riƙe da sitiyari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da wataƙila sun riga sun tuƙo daga Texas ko Carolina ta Arewa kafin su iso Bellingham.

Dabbobi ne ke shan wahalar jirgin. Kare ko kyanwa a benen motoci suke zama, cikin mota ko cikin keji, ba a hawa da su sama. A doguwar tafiyar zuwa Ketchikan akan yi sanarwa kusan kowane awa takwas a ba masu dabbobi kamar minti goma sha biyar. Sai ka ga mutane sun gangara da gudu riƙe da leda da tsumma, suna jan karnuka a tsakanin motoci a kan daɓen ƙarfe, suna lallashi. Karen da ya saba da ciyawa sau da yawa ƙin yin komai yake, ya matse har a kai Ketchikan. Ana kuma neman takardar lafiya daga likitan dabbobi wadda ba ta wuce kwana 30 ba. Mai tsohon kare ko mai firgita, ya yi tunani sau biyu.

Sai aibin da ya fi kowanne, wato rashin tabbas. Jiragen sun tsufa. Columbia, mafi girma a cikinsu, tun 1974 take aiki. A Yulin 2019 ma'aikata sun tafi yajin aiki a tsakiyar lokacin ƙaura, komai ya tsaya cik fiye da mako guda. A farkon 2020 jirgin Matanuska ya lalace, babban layin ya zauna makonni babu jirgi. Ɗan yawon buɗe ido in aka soke tafiyarsa, hutunsa ne ya ɓaci. Soja kuwa yana da ranar da aka rubuta masa ya bayyana a sabon bariki. Shi ya sa duk wanda ya zaɓi jirgin ruwa ya kamata ya shirya kamar mai tuƙi: fasfo a hannu, mota lafiya, tayoyi masu kyau, da 'yan kwanakin rara.

Yanzu titin. Daga Seattle zuwa Anchorage kimanin kilomita 3,600 ne. Ƙashin bayan tafiyar shi ne babban titin Alaska, wanda ya tashi daga Dawson Creek a British Columbia ya ƙare a Delta Junction, sama da kilomita 2,200. Sojojin Amurka ne suka sare shi cikin daji a 1942, cikin kimanin wata takwas, kuma a cikinsu akwai rundunonin baƙaƙen fata da aka daɗe ba a ambaton gudummawarsu. Yau kwalta ce kusan duka, sai wuraren da ake gyara. A Watson Lake akwai dandalin alluna da wani soja mai kewar gida ya fara a shekarar da aka yi titin, da ya kafa allo mai sunan garinsu, yanzu allunan sun kai dubun-dubata. A kusa da kogin Liard akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da matafiya ke tsayawa su yi wanka, kuma a yankin ne garken ɓauna ke kwanciya a gefen titi, wani lokacin a tsakiyarsa. Tuƙin dare a wurin ganganci ne.

Ribar titi ita ce 'yanci. Ba jadawalin kowa kuke bi ba, ba wanda zai soke muku tafiya. Kare na kusa da ku, ku tsaya inda kuka ga dama. Mai motoci biyu ko tirela, ko wanda ya zaɓi ya kwashi wani ɓangare na kayansa da kansa gwamnati ta biya shi bisa nauyi, titi ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Rundunar soja na lissafa ranakun tafiya a kan mil 350 (kimanin kilomita 560) kowace rana, a biya kuɗin mil da alawus na kwana da abinci ga kowa a iyalin, kuma mai tattali yakan fita da ragowa. A watan Yuni da Yuli rana ba ta son faɗuwa a can arewa, ƙarfe goma na dare gari na nan da haske.

Wahalarsa kuma ita ce tsawo. Mako guda ne ko fiye a cikin mota, da yara ɗaure a kujera. Tsakanin Fort Nelson da Watson Lake gidajen mai sun yi nisa da juna, shi ya sa matafiya ke bin ƙa'idar nan: tanki ya kai rabi, a cika. Mai ya fi tsada a Kanada, da lita ake sayarwa, da dalar Kanada. Tsakuwa daga manyan motoci na fasa gilashin gaba. Daga Destruction Bay zuwa iyaka ƙasar da ke ƙarƙashin titin daskararriya ce, tana narkewa tana sake daskarewa, titin ya yi tudu da kwari, mai gudu da tirela sai ya ji kamar za ta tsinke. Amma a lura, wannan yankin mai wuya wanda ya sauka a Haines ma sai ya bi shi.

Da hunturu lissafin yana juyawa. Sanyi a Yukon da tsakiyar Alaska yana kai digiri 40 ƙasa da sifili, masaukai da gidajen mai da yawa suna rufewa, kuma wajen tsakiyar Disamba hasken rana a Fairbanks bai cika awa huɗu ba. Motar da ta zo daga kudu tana buƙatar tayoyin ƙanƙara da na'urar ɗumama inji da ake jonawa da wuta, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba. A irin wannan lokacin, rage tuƙi daga mako guda zuwa kwana biyu babbar riba ce, kuma gurbi a jirgi ya fi samuwa. Sai dai jirage sun fi ƙaranci, teku ta fi tashi, kuma tsaunin Chilkat kan rufe idan dusar ƙanƙara ta yi yawa. Shingen iyakar da ke kan hanyar Haines ma ba ya aiki dare da rana, a duba lokacinsa kafin a bar gari.

Maganar iyaka ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ke yanke hukunci ga wasu iyalan tun kafin a zo batun kuɗi. Kowa na buƙatar takardun shiga Kanada, har jariri. Idan iyaye ɗaya ne ke tafe da yara, ya riƙe wasiƙar amincewar ɗayan. Kanada na iya mayar da mutumin da aka taɓa yanke wa hukuncin tuƙi cikin maye, ko da shekaru sun wuce, kuma kakin soja ba ya wanke shi. Bindiga ma haka: ƙananan bindigogin hannu suna ƙarƙashin tsauraran dokoki, kuma tun Mayun 2020 an haramta nau'o'i masu yawa na manyan bindigogi da Amurkawa ke ajiyewa a gida. Wanda ya ɓoye aka gano, ya jawo wa kansa abin da zai bi shi har wurin aiki. Mafita ita ce a sa su cikin kayan da kamfani zai kwasa ko a aika ta hannun dillali mai lasisi. Kare na buƙatar shaidar rigakafin haukan kare, kuma tun Agustan 2024 Amurka na neman a cike fom ta intanet, kare ya kasance da 'yar na'urar shaida da ake dasawa a ƙarƙashin fatarsa, kafin a sake shigo da shi ko daga Kanada ne.

Ga 'yan uwanmu da ke aikin soja a Amurka akwai ƙarin abu. Matar da ke da girin kad, wato katin izinin zaman dindindin a Amurka, tana shiga Kanada da shi tare da fasfonta, ba sai da biza ba. Amma idan Hajiya ta zo daga Najeriya ko Ghana taya renon jika da bizar ziyara ta Amurka, wannan bizar ba ta buɗe mata ƙofar Kanada. Sai ta nemi ta Kanada daban, ko da wucewa kawai za a yi, kuma ba a kwana biyu ake samunta ba. Irin wannan iyalin gara su raba tafiya: maigida ya bi da mota, Hajiya da mai jego da yara su hau jirgin sama.

Jirgin saman ba shi da dogon bayani. Daga Seattle zuwa Anchorage awa uku da rabi ne. Gwamnati na ɗaukar nauyin aika mota ɗaya: a kai ta cibiyar karɓar motoci a wanke tas, mai bai wuce kwatan tanki ba, da takardar izinin banki idan da bashi a kanta. Sai a jira makonni. A tsakanin nan iyali na masauki babu mota, a garin da komai ke nesa da komai, kuma hayar mota a Alaska lokacin bazara tsada gare ta. Mota ta biyu kuma aljihunku. Duk da haka, ga mai tsohon ciki, ko jariri sabon haihuwa, ko mara lafiya, ko wanda Kanada ba za ta karɓa ba, wannan ce hanyar, kuma ba abin kunya ba ne a zaɓi mai sauƙi.

Batun kuɗin jirgin ruwa kuwa, iyali mai mutum huɗu da mota da ɗaki za su ga lissafi na dubban daloli, kuma farashin na hawa yayin da jirgi ke cika. Gwamnati na mayar da kuɗin idan tafiyar ta dace da ƙa'ida, amma a tabbata an rubuta izinin bin jirgin ruwa ɓaro-ɓaro a cikin oda kafin a biya ko sisi. A je ofishin sufuri da ofishin kuɗi a tambaya dalla-dalla: mota nawa za a biya wa, wane irin ɗaki, tirela fa? Abin da aka faɗa da baki a nemi a gan shi a rubuce, don wanda zai duba takardunku a Alaska ba shi ne wanda ya yi muku alkawari ba. Kowane rasit a adana shi, musamman wanda ya rarrabe kuɗin mutum da na mota da na ɗaki.

In da za a tambaye ni, ga yadda zan raba. Iyali mai ƙananan yara, mota ɗaya, babu kare, takardun kowa sun cika, kuma an samu ɗaki: su hau jirgin ruwa, musamman daga Oktoba zuwa Afrilu, su bar kwana uku ko huɗu na rara tsakanin saukarsu Haines da ranar bayyana a bariki. Masu karnuka, ko motoci biyu, ko tirela, da odarsu ta faɗo a Yuni ko Yuli: su bi titi, su kama ɗakin kwana a Fort Nelson, Watson Lake da Whitehorse tun kafin su tashi, don a bazara garuruwan nan cika suke. Wanda kuma odarsa ta zo a ƙurarren lokaci, saura makonni uku ko huɗu, kada ya ɓata kwanakinsa yana jiran wani ya fasa tikiti a Bellingham, ya kai motar cibiyar karɓa tun yanzu don ta riga shi yin nisa.